Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga shugabannin kamfanoni, daga mai sayen kayanku

Ranku ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ba ku san ni ba, amma kullum da ni kuke lissafi. Ni ne mutumin nan da ke tsayawa gaban kanta yana ɗaga wannan yana ajiye wancan kafin ya zura hannu aljihu. Ba ni da hannun jari a kamfanin kowa, ba na kuma cikin wata ƙungiya. Abin da ya haɗa ni da ku shi ne kuɗin da nake miƙa muku da kayan da kuke miƙo mini, kuma a ganina wannan ya isa ya ba ni bakin magana.

Kwanakin baya na tsaya a kanti da riguna biyu a hannu. Ɗaya an rataya mata ɗan kati a wuya, an zana koren ganye, an rubuta cewa wajen yin ta an kula da muhalli, an kuma mutunta ma'aikata. Ɗayar ba ta da komai sai lambar girmanta. Mai katin ta fi tsada. Na juya katin gaba da baya ina neman inda aka faɗi ƙasar da aka noma audugar, ko masana'antar da ta ɗinka rigar, ko wanda ya je ya duba ya tabbatar da abin da aka rubuta. Babu ko ɗaya. Duk da haka ita na ɗauka, saboda zuciyata tana so ta yarda da ku. A wanki na huɗu ɗinkin hammata ya warware, wuyan ya saki, launin ya koɗe. Na zauna da ita a cinya ina duba zaren da ya zazzago, ina tunanin ruwan da audugarta ta sha, da man da aka ƙona kafin ta iso hannuna, da hannun da ya ɗinka ta, ga shi duk sun tafi a banza cikin wata guda. Rigar da za ta koma shara tun ba ta ga shekara ba, ta ina ta kula da muhalli?

Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin ba shi kaɗai ba ne. Abin da nake so ku sani shi ne abin da ya faru da ni bayan nan. Tun daga ranar, duk inda na ga koren ganye a jikin kaya sai gabana ya ɗan faɗi, in riƙa zargi. Na san a cikinku akwai masu gaskiya, waɗanda suka kashe kuɗi sosai suka gyara yadda suke aiki. Maƙaryacin nan guda ya shafa musu kashin kaji, ya kuma hana su cinikina ba tare da sun yi mini laifin komai ba.

Na san abin da ake faɗa a ɗakunan taronku. Ana cewa mai saye baki ne da shi kawai: in an tambaye shi sai ya ce ya damu da gurɓata muhalli da haƙƙin ma'aikata, in ya zo wurin biya sai ya ɗauki mafi araha. Ba zan yi muku gardama ba, akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma ni kaina na sha yin haka. Har hujja ma zan ƙara muku. A watan Satumba na 2015 hukumar kare muhalli ta Amurka ta tona asirin Volkswagen: kamfanin ya sa wata manhaja a motocinsa masu amfani da man dizal wadda ke gane lokacin da ake gwajin hayaƙi, sai ta rage gubar da injin ke fitarwa, in an hau titi kuma ta saki. Wasu motocin suna fitar da iskar mai cutar da huhu har ninki 40 na abin da doka ta yarda. Motoci kimanin miliyan 11 ne a faɗin duniya, kuma su ne aka yi ta tallatawa da sunan dizal mai tsabta. Shugaban kamfanin, Martin Winterkorn, ya sauka daga muƙaminsa cikin 'yan kwanaki. To amma a 2016, shekarar da ta biyo baya, Volkswagen ya sayar da motoci sama da miliyan 10, ya fi kowane kamfanin mota a duniya. Duk wanda ya ga wannan zai iya cewa ai mutane ba ruwansu.

Ina roƙonku kada ku karanta lamarin haka. Wannan ƙaryar ta ci wa kamfanin sama da yuro biliyan 30 a tara da diyya da gyaran motoci, kuma cikin waɗanda suka maka shi a kotu akwai dubban masu saye da suka ce an yaudare su. Ta kuma zubar da mutuncin motar dizal a Turai gaba ɗaya, har da ta kamfanonin da ba su da hannu a lamarin. Tun daga lokacin kasuwarta take ja da baya. Mai saye ba ya yanke hukunci rana ɗaya kamar alƙali. A hankali yake janye jiki, kuma ba ya sallama in zai tafi.

Sannan ku dubi halin da yake ciki a lokacin da yake zaɓe. Yana da iyali, albashinsa a ƙirge yake, wata bai ƙare ba kuɗi sun ƙare. Wanda ya ɗauki mafi araha saboda abin da aljihunsa zai iya ke nan bai ce muku ya amince a zuba guba a kogi ba. Bai ce ya yarda a kulle ƙofar masana'anta da mutane a ciki ba. Ba a ma tambaye shi ba. Abin da yake gani a gabansa farashi ne da kwali mai sheƙi. Abin da ke bayan kwalin ku kaɗai kuka sani. In kun ɓoye masa komai sai farashi, sannan kuka dawo kuna cewa farashi kawai ya dame shi, ba ku yi masa adalci ba.

Bari in tsaya a kan abin da ke bayan kwalin, domin nan ne zuciyata ta fi nauyi. Ranar 23 ga Afrilu, 2013, aka ga tsagewa a bangon wani gini mai hawa takwas da ake kira Rana Plaza a garin Savar, kusa da Dhaka, babban birnin Bangaladash. Bankin da ke ƙasa da shagunan da ke wurin suka rufe, suka sallami mutanensu. Su kuwa masu ɗinki da ke benayen sama, inda masana'antun tufafi biyar suke, aka ce su dawo aiki washegari. Suka dawo, domin wanda ke jiran albashin ƙarshen wata ba shi da ta cewa. Da safiyar 24 ga wata ginin ya rufta. Mutum 1,134 suka mutu, kimanin 2,500 suka ji rauni, mafi yawansu mata. A cikin ɓaraguzan aka riƙa tsinto lambobin da ake ɗinkawa a wuyan riga, ɗauke da sunayen kamfanonin da ake sayen kayansu a manyan kantunan Turai da Amurka. Wasu daga cikin kamfanonin sai da suka yi bincike kafin su gane ko a can ake ɗinka musu kaya ko ba a can ba, saboda kwangila ta bi hannu bayan hannu har ta ɓace musu.

Duk lokacin da na tuna wannan sai in ga wata mace da ta tsaya bakin ƙofa da safe, ta ɗaga kai ta kalli tsagewar, ta kuma tuna kuɗin haya, sannan ta shiga. Babu mai saye a duniya da za a nuna wa wannan matar a ce masa, in ka yarda ta shiga za a rage maka wani abu a kuɗin riga, ya ce ya yarda. An yanke shawarar ne a bayan idonsa, da sunansa.

Abin da ya biyo baya ya nuna cewa idon jama'a yana da ƙarfi. Cikin watan Mayu na 2013 aka ƙulla yarjejeniyar kare ma'aikata daga gobara da ruftawar gini a Bangaladash, tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago da kamfanonin tufafi, wadda daga baya sama da kamfanoni 200 suka sa wa hannu. Bambancinta da alkawuran baya shi ne tana da haƙora: ana iya gurfanar da wanda ya saɓa, kuma injiniyoyi masu zaman kansu ne ke shiga su duba, a buga sakamakon kowa ya gani. An duba masana'antu sama da 1,600. An yi abin kirki, amma ihu ne bayan hari. Da an yi shi shekara guda kafin nan, da matar nan tana raye.

Wannan ƙarfi na mai saye ba yau ya fara ba. A 1791 mutane kimanin 300,000 a Birtaniya suka daina sayen sukarin da bayi ke nomawa a tsibiran Karebiyan. A zamaninmu kuma ga Nike. A 1996 wata mujallar Amurka ta buga hoton wani yaro ɗan Pakistan yana ɗinka ƙwallo mai tambarin kamfanin, ɗalibai suka tashi da zanga-zanga a jami'o'i, aka yi ta kiran a ƙaurace wa kayansa. Da farko kamfanin ya ce ai masana'antun ba nasa ba ne. Wannan amsar ba ta karɓu ba. A watan Mayu na 1998 shugabansa, Phil Knight, ya tsaya gaban 'yan jarida a Washington ya amsa da bakinsa cewa sunan kamfanin ya zama ɗaya da albashin bauta da tilasta aikin ƙarin lokaci, ya kuma ɗaga shekarun ɗaukar ma'aikata a masana'antun takalma zuwa 18. A 2005 Nike ya buga jerin sunayen masana'antun da ke yi masa aiki. Ban ce komai ya gyaru ba. Na dai lura cewa mutane sun fara sassauta masa ne daga ranar da ya daina cewa ba ruwansa.

Akwai wanda bai jira an matsa masa ba. A 1982 mutum bakwai suka mutu a yankin Chicago bayan sun sha maganin ciwon kai na Tylenol wanda wani mugu ya zuba wa guba bayan ya bar masana'anta. Laifin ba na Johnson & Johnson, kamfanin da ke yin maganin, ba ne, amma kamfanin ya janye kwalabe kimanin miliyan 31 daga kasuwa, asarar da ta kai wajen dala miliyan 100, ya fito ya ce wa mutane kada su sha. Da yawa sun ɗauka maganin ya mutu ke nan. Ya dawo da sabon marfi mai hatimi wanda in an taɓa za a gane, kuma cikin kimanin shekara guda ya kusa komawa matsayinsa na da a kasuwa. Mutane sun ga kamfani ya zaɓi ransu a kan ribarsa a ranar da zaɓin ke da tsada, sai suka riƙe masa wannan.

Ga inda nake ganin da yawanku kuke kuskure. Kun ware wani ofishi kun ce shi ne na hidimar al'umma. Shi ke raba tallafi, ya dasa bishiyoyi, ya ɗauki hoto, ya buga rahoto mai kyan takarda a ƙarshen shekara. Ba na raina wannan. Wanda aka gina wa aji ko aka biya wa kuɗin asibiti ya amfana, Allah ya saka da alheri. A Indiya ma dokar kamfanoni ta 2013 ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na matsakaicin ribarsu a irin wannan hidima. To amma ni mai saye tambayata tana kan hanyar da aka bi aka samo ribar tun farko. Nawa aka biya wanda ya yi aikin? Ina aka zubar da ruwan rini? An biya ƙananan masu kawo kaya a kan kari, ko an bar su suna sintiri wata da watanni? In ofishin sayayya yana matse masana'anta a kan farashi da wa'adi har ta kasa gyara wayar lantarki, to hoton da ofishin hidima ya ɗauka dodorido ne kawai.

Ku tuna Burberry, kamfanin kayan sawa masu tsada na Birtaniya. A 2018 rahoton kamfanin da kansa ya nuna cewa ya lalata kayan da ba a saya ba, tufafi da jakunkuna da turare, na fam miliyan 28.6 cikin shekara guda, don kada su faɗa kasuwa da araha su rage wa sunan daraja. Jama'a suka yi ca. Kafin watan Satumba ya ƙare kamfanin ya sanar ya daina. Daga baya Faransa ta yi dokar hana lalata irin waɗannan kaya. Abin lura shi ne ba wanda ya tambayi nawa kamfanin ya bayar sadaka a wannan shekarar. Wutar da aka cinna wa kayan ita mutane suka gani.

Game da kalmomin da kuke rubutawa a jikin kaya kuwa, ina da ƙorafi babba. A 2020 Hukumar Tarayyar Turai ta binciki iƙirari 150 na kare muhalli da ke jikin kayayyaki da tallace-tallace, ta gano sama da rabinsu ba su da takamaiman ma'ana, ko suna ruɗarwa, ko ba su da tushe, kuma kashi 40 cikin 100 babu wata hujja a bayansu. Wato katin da na juya a kantin nan ba shi kaɗai ba ne. Shi ya sa a 2024 Tarayyar ta amince da dokar da za ta hana rubuta irin su "mai kyautata wa muhalli" haka kawai ba tare da shaida ba. Ya kamata ku ji kunyar cewa sai da doka ta shigo kafin a daina faɗin abin da ba a iya tabbatarwa. Romon baka ya yi yawa har ya sa kunnen mai saye ya toshe, kuma wanda ya fi cutuwa shi ne ɗan'uwanku mai gaskiya da ya kashe kuɗinsa ya gyara.

Abin da nake nema a wurinku ba shi da yawa, kuma duk yana hannunku. Ku faɗa mini inda aka yi kayan, da sunan masana'antar, yadda ɗan jarida ko ƙungiyar ma'aikata za su iya zuwa su gani da idonsu. Gani ya kori ji. In kun ce kun rage hayaƙi ko ruwan da kuke sha, ku ce daga nawa zuwa nawa, a wace shekara, wa ya auna, kuma kada mai aunawar ya zama yaronku. In kun sa wa kanku wa'adi kuka kasa cikawa, ku fito ku faɗa. Wallahi kamfanin da ya ce mini "mun yi niyyar kaza, rabin muka iya, ga dalili" ya fi shiga raina a kan wanda rahotonsa ba shi da tabo ko ɗaya, domin na san ba a aiki babu tuntuɓe.

Sannan ku yi kaya mai ƙarko. A wurina wannan shi ne babban kula da muhalli, kuma shi ne wanda talaka da mai kuɗi duk suke ganewa ba sai an yi musu bayani ba. Wayar da za a iya canja mata batir, injin wankin da ake samun kayan gyaransa bayan shekara goma, takalmin da za a sake wa ƙasa a ci gaba da takawa. A watan Janairu na 2021 Faransa ta wajabta a liƙa maki daga cikin 10 a jikin wasu kayan lantarki, irin su wayoyin hannu da kwamfutocin tafi-da-gidanka da talabijin, mai nuna sauƙin gyara su. Lamba ɗaya ce, a gefen farashi, a daidai lokacin da mutum ke yanke shawara. Irin wannan bayanin ne ke juya hannun mai saye, domin ya zo masa a inda yake tsaye, da harshen da yake ji. Ba sai kun jira gwamnati ta tilasta muku ba.

Abu na ƙarshe, kuma shi ya fi damuna. Kada ku mayar da gaskiya kayan alatu. Yanzu abin da ake yi shi ne a ware wani ɗan layi na musamman, a ce wannan shi ne mai tsabta, a tsawwala masa kuɗi, sauran kayan kuma a ci gaba da yin su yadda aka saba. Ma'anar haka ita ce mai hali ya sayi kwanciyar hankali, marar hali kuma a bar shi da kayan da aka yi da zalunci, sannan a ɗora masa laifin saye. Biyan ma'aikaci haƙƙinsa da barin ƙofar fita a buɗe da hana guba shiga ruwan sha ba ƙari ba ne da za a sayar wa wanda ya iya biya. Ya kamata su kasance a cikin kowane kaya da ya fito daga hannunku, mai tsada da mai araha. Na yarda gyara yana cin kuɗi, kuma a shirye nake in ɗauki rabona in na ga inda ƙarin ke tafiya. Amma ku ma ku ɗauki naku daga cikin riba, kada a juye duka a kan mai saye da mai ɗinki.

Rigar nan tana nan ban yar ba. Na sa an kama ɗinkin, ina sawa a cikin gida, katin kuma na ajiye shi a aljihun tebur. Nan ba da daɗewa ba zan sake buƙatar wata, zan sake tsayawa gaban kanta da guda biyu a hannu, kuma na san zan sake juya katin. Ina roƙonku, a wannan karon in tarar da sunan masana'anta da sunan wanda ya duba ta a bayansa.

Na gode da sauraro. Allah ya yi mana jagora.

Naku,
Wani mai sayen kayanku